Karayar gwiwa: wa zai biya kuɗin ƙarfe?

Duk wanda ya san titunan Maraɗi da Damagaram ya san inda goshin mota ke fara samun ɗan kabu-kabu da fasinjansa: a gwiwa. Sau da yawa abin da ke fashewa shi ne kan ƙashin ƙwauri, wato shimfiɗar da ƙashin cinya ke zaune a kanta da nauyin mutum duka.

Wannan karaya ba irin ta tsakiyar ƙwauri ba ce. Ƙashin wurin kamar soso yake daga ciki. Yakan tsage, yakan kuma lotsa. A 1979 likitan ƙashi Joseph Schatzker na Kanada ya kasa ta gida 6, daga tsaga guda har zuwa wadda ke raba kan ƙashin da gangarsa. Wadda ba ta goce ba tana iya haɗewa ba tare da wuƙa ba. Wadda ta lotsa kuwa sai tiyata: a ɗago abin da ya nutse, a cike ramin da guntun ƙashin ƙugu, a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Daga nan mutum ya yi wata biyu zuwa uku bai taka ƙafar ba, yana dai lanƙwasa gwiwar kada ta sandare.

Maɗori, komai gwanintarsa, hannunsa ba ya kai wa cikin gaɓa. Ƙashin zai haɗe, amma a karkace, magidanci ya ƙare da ɗingishi, zaman tahiya ma ya gagare shi. In aka matse karan ɗori a kan ƙafar da ke kumbura, jini ya tsaya, sai yankewa.

Masu manyan ofisoshi na kiran zuwa wurin maɗori jahilci. Lissafi ne. Tun daga tsarin Bamako na 1987 majinyaci ke sa hannu a aljihu, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 kuma ta ninka kuɗin kayan waje. Hoto, maganin barci, ƙarfe, duk takarda ake miƙa wa dangi. Maɗori kuwa yana jiran kaka.

Alhali kuɗin yana nan. Dokar CIMA, wadda Nijar ke cikinta, ta wajabta wa mai mota inshora, jandarma kuma ba ya gajiya da tambayar takardarta a hanya. Sai dai diyya na fitowa bayan watanni, ita kuwa gwiwa makonni biyu ko uku kawai take jira. Ya kamata ma'aikatar lafiya da ta kuɗi su ware wani kaso na wannan kuɗi, manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa su ajiye faranti da kusoshi, a yi aiki tukuna, a bi kamfanin inshora daga baya. Kuma a biya asibitoci da wuri, kada a bar su da tarin takardun bashi kamar yadda ya faru bayan shelar maganin yara kyauta ta 2006.