Ba ƙarancin albashi kaɗai ke korar ma'aikata a Kakuri ba

Masu masana'antu da makarantun kuɗi a unguwannin Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha a Kaduna na yawan kukan cewa matasan yanzu ba sa zama a wurin aiki. Sai an gama koya wa yaro aiki, ya ajiye ya kama tuƙin Keke Napep. Sukan ce kwaɗayi ne da rashin haƙuri. Mu a ganinmu, bambancin da ma'aikaci ke gani da idonsa shi ke fara kashe masa gwiwa.

Mutum biyu a kan inji ɗaya, tare suke shiga, tare suke tashi. Ɗaya na da takardar ɗaukar aiki da hutun shekara da kuɗin asibiti. Ɗayan ɗan kwantiragi ne da ya shigo ta hannun dillali, in inji ya ci masa yatsa sai dai a ce masa "sannu". Alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku.

Batun ƙarin girma ya fi ciwo. A garin da rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba mazauna gida biyu, kogi a tsakani, duk ranar da aka tsallake wanda ya daɗe aka ɗora ɗan'uwan manaja babu bayani, da addini ko ƙabila za a fassara abin, ko da ba haka aka nufa ba. Wanda ya ji an ware shi ba ya ƙara ba da zuciyarsa ga aikin, ƙofar fita kawai yake nema.

Kuma matasan nan ba su manta ba. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, an rufe ta a 2002, iyayensu da suka yi aiki a can suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa har suka rasu ba su karɓa ba. Ɗan da ya tashi a irin wannan gida, da wuya a riƙe shi da alkawarin baki.

Muna kira ga jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kaduna su riƙa shiga masana'antu suna duba takardun 'yan kwantiragi. Masu kamfanoni kuma su liƙa matakan albashi da ƙa'idar ƙarin girma inda kowane ma'aikaci zai karanta.