A Bar Wa Ƙananan Hukumomi Kuɗinsu, Mu Kuma Mu Sa Ido

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na Gwandu da Kalgo kan batun 'yancin ƙananan hukumomi.

Jama'a, maganar a bar mutane su tafiyar da harkokinsu ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun wajen 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba aikin mulkin daula, ya damƙa yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, gabas kuma ga ɗansa Muhammadu Bello. Haka nan da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, abin da aka yi murna a kai shi ne gwamnati ta matso kusa. To, amma kusan nan ya tsaya Birnin Kebbi ne, ko ya iso ƙauye?

Ba mu kaɗai ke wannan tambaya ba. A Birtaniya akwai wani yanki mai suna Wales, mutanensa kimanin miliyan 3, da harshensu daban da Turanci. Shekaru aru-aru daga Landan ake yanke musu komai. A 1925 wasunsu suka kafa jam'iyyar Plaid Cymru don kare harshensu da neman mulkin kai. Abin da ya ƙara fusata su shi ne ƙauyen Capel Celyn, wanda aka tashi mutanensa, aka cika kwarin da ruwa a 1965 don shayar da birnin Liverpool na Ingila, alhali babu ko ɗaya daga wakilan Wales da ya goyi baya a majalisa. Duk manomin fadama ya san zafin a yanke shawara kan ƙasarsa ba da shi ba.

Amma mafi yawansu ba su ɗauki makamin yaƙin ɓallewa ba, akwatin zaɓe suka bi. A 1979 aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu son majalisar yanki suka sha ƙasa. Ba su yi zuciya ba. A 1997 suka ci da ratar ƙuri'a 6,721 kacal, majalisarsu ta fara zama a birnin Cardiff a 1999, a 2011 kuma aka ƙara mata ikon yin doka kan lafiya da ilmi da noma. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu nan abin da muke nema bai kai wannan ba. Tsarin mulkin 1999 ya amince da ƙananan hukumomi 774, 21 daga ciki a Kebbi, kuma suna da kaso kimanin 20 cikin 100 na asusun tarayya. Sai dai kuɗin kan bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a nan ne gizo ke saƙa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Bayan hukuncin an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Me ya shafe mu? Ai kasuwa, tashar mota, mayanka, firamare, asibitin sha-ka-tafi da hanyar ƙauye duk ƙaramar hukuma na da hannu a ciki. Mai albasa da motarsa ta maƙale don babu kwalbati, da mai shinkafa da ke biyan kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, su ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Ciyaman in an tambaye shi sai ya ce ba a sako ba. Wa za ka kama?

Wasu na cewa in aka ba ciyamomi kuɗi a hannu, ɓarnar ce za ta sauko ƙasa. Wannan magana abar dubawa ce. Amma ciyaman ɗan gari ne, mun san gidansu, muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Tuhumarsa ta fi sauƙi a kan ta wanda sai ka cika takarda kafin ka gan shi.

Don haka ina kira da abu uku. A aiwatar da hukuncin kotu ba kwana-kwana. A gyara zaɓen ƙananan hukumomi, domin a yawancin jihohi jam'iyyar gwamna ce ke lashe kujeru kaf. Sannan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da manoma na Gwandu da Kalgo su nemi a riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a ƙofar sakatariya, da Hausa, kowa ya karanta. 'Yanci ba tare da sa ido ba, sauya wa ɓera rumbu ne kawai.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan kasuwa, Kalgo, Jihar Kebbi.