Ɗan Lambu a Tsakar Gida, Garkuwar Mai Juna Biyu



Ƙarancin jini yana cikin matsalolin da muka fi cin karo da su a ɗakin awo. Alamunsa su ne jiri, kasala, bugun zuciya da farin ido. Mace mai ƙarancin jini, ko kaɗan ta zubar wajen haihuwa, ranta yana cikin haɗari. Shi ya sa nake ganin ya kamata kowane gida a Dogon Daji da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe ya mallaki ɗan lambu, domin ganye irin alayyafo da zogale suna ɗauke da sinadaran da jiki ke bukata wajen gina jini.

Wata za ta ce daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba ta wuce. Gaskiya ne, amma wata huɗu sun isa. Alayyafo sati 4 kawai yake yi a fara tsinka. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin wata 2. Rama, yakuwa da lalo duk ba su da wahala. Zogale kuwa, idan kika dasa reshensa a farkon damina, zai kama ya jure rani.

Rashin fili ma ba hujja ba ne. Ki sami tsohon buhu, a cika shi da ƙasa haɗe da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki fara da buhu 3 ko 4, kada ki ɗauko abin da zai fi ƙarfinki. Ruwan alwala da na wankin hatsi ya isa ban ruwa idan sama ta yi jinkiri. Abin da ya yi saura ki shanya a inuwa, ki adana don miyar bazara, lokacin da ganye ke tsada.

Maigida, ga naka aikin: ɗauko ƙasa, kewaye wurin da kara ko zana saboda awaki da kaji, da ɗaukar ruwa mai nauyi. Ita kuma ta sami ɗan motsa jiki da sanyin safiya, da kwanciyar hankali, kai ma kuɗin cefane ya ragu.

Sai dai a kula. Mai ciki kada ta yi feshin maganin ƙwari. Ki wanke hannu da sabulu bayan taɓa ƙasa, ki wanke ganye sosai. Kada a bar ruwa ya kwanta, saboda sauro. Ganyen zogale ake ci, ban da saiwa da ɓawo. Ki matsa lemun tsami a kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarfe, shayi kuwa ki jinkirta shi bayan cin abinci, domin yana tauye hakan.

Lambu ba ya maye gurbin awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ki zo awo, ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, ki kwana cikin gidan sauro.

Allah ya sauke ku lafiya, amin.