Aikin Yini Da Guzurin Gobe

Jama'a, dubi ma'aikacinmu. Ya yi sammakon ofis, ya jera ayyukan yini a takarda, ya gama su kafin a tashi. Haka gobe, haka jibi, har takardar ritaya ta iso, domin ƙa'idar aikin gwamnati shekara 35 ce a bakin aiki, ko 60 da haihuwa. Ran nan sai a tarar ba gida, ba gona, ba sana'a.

Dalili kuwa, takardar yini ba ta ɗaukar kome sai abin da ake jira yau. Gini da ƙaro ilmi ba su da masinja mai zuwa tuni.

Marigayi Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja cikin 1933. Littafin nan ya buɗe masa hanyar Zariya, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Saboda haka, ya mai karatu, keɓe wa burinka sa'a guda kowace safiya, tun ofis bai karɓe ka ba. A shekara sa'a 365 ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.