Wandon mata masu tseren keke: Ana gardama kan tsawonsa, su kuwa ciwo ne damuwarsu

A watan Agustan 2025 Pauline Ferrand-Prévot, 'yar ƙasar Faransa, ta lashe gasar Tour de France ta mata, bayan kwana tara ana fafatawa a kan hanyar da ta haura kilomita 1,100. Tun da aka fara gasar a 2022, hotunan mata masu tseren keke suka ƙara yawa a kafafen sada zumunta.

Abin da masu sharhi ke fara tankawa a kai shi ne wandonsu: ya yi gajarta, ya matse jiki. Amma macen da za ta shafe sa'a huɗu a kan sirdi, tambayarta ita ce ko wandon zai bar ta ta sauka lafiya.

Me ke cikin wandon?

A tsakiyar wandon tseren keke akwai soso mai laushi da ake ɗinkawa daidai inda jiki ke haɗuwa da sirdi. Aikinsa rage nauyin da ke danne wurin, tsotse gumi, da hana fata gogewa. A da, da ulu ake yin wandon, a lulluɓe tsakiyarsa da fata mai laushi. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma yadin Lycra mai miƙewa, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958.

Matsewar tana da dalili. Wandon da ya yi yawa yakan naɗe, kuma kowane naɗi yana gurzar fata duk lokacin da ƙafa ta juya feda, sau dubbai a tafiya guda. Shi ya sa ma ba a sa ɗan kamfai a ƙarƙashinsa, domin ɗinkin kamfai yana gurzar matsematsi, auduga kuma tana riƙe gumi.

An auna da jikin maza

Sai a 1984, a birnin Los Angeles, aka fara tseren keke na mata a gasar Olamfik. Kafin nan an shafe gomman shekaru ana ƙera sirdi da wando da ma'aunin maza. Ƙasusuwan zama na mata galibi sun fi na maza tazara, kuma idan mace ta sunkuya ta riƙe kan keke, nauyinta yakan sauka a kan gabanta. Sakamakon shi ne kumburi, maruru, saɓulewar fata da sagewar wurin.

Kunya ta sa an daɗe ba a faɗi ba. A 2019 Hannah Dines, wadda ta wakilci Birtaniya a gasar nakasassu ta duniya, ta rubuta a jaridar Guardian cewa shekarun da ta yi a kan sirdi sun kumbura mata al'aura har sai da aka yi mata tiyata.

Tun kafin gasar Rio ta 2016, hukumar tseren keke ta Birtaniya ta gano cewa ciwon sirdi na hana 'yan wasanta mata atisaye. Ta tara ƙwararrun likitoci, aka shawarci matan su daina aske wurin da reza ko tuge gashin, saboda yana harzuƙa fata. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ita ma ta sassauta dokarta: a da ba a yarda kan sirdi ya karkata fiye da digiri biyu da rabi ba, daga 2016 aka ba da damar digiri tara.

Akwai kuma matsalar kewayawa. Wandon da ƙwararru suka fi so yana da igiya da ake ratayawa a kafaɗa, don kada robar ƙugu ta matse ciki. Mace mai sanye da shi sai ta cire riga kafin ta yi fitsari. Daga baya ne kamfanoni suka fara yin wanda ake iya saukewa ta baya.

Wa ke zaɓa wa mace?

A 2014 an yi ce-ce-ku-ce kan kayan wata ƙungiyar mata daga Kolombiya da ta yi tsere a Italiya, saboda launin tsakiyar kayan ya yi kama da fatar mutum a hoto. A 2021 an ci tarar 'yan ƙwallon hannu na bakin teku na Norway Yuro 1,500 saboda sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfan da doka ta tanada, kuma surutun da ya biyo baya ya sa aka sauya dokar. A 2023 gasar tanis ta Wimbledon ta amince mata su sa wando mai duhu a ciki, saboda fargabar jinin al'ada a kan fararen kaya.

Duk waɗannan sauye-sauye sun zo ne bayan 'yan wasan sun yi magana da bakinsu. Kuma buƙatarsu ba iri ɗaya ba ce: wasu ƙarin sutura suke nema. Masomah Ali Zada, 'yar Afghanistan, ta yi tsere a gasar Tokyo a 2021 cikin tawagar 'yan gudun hijira, da ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano.

Wannan yana da muhimmanci ga macen da ke son hawa keke don motsa jiki amma ba za ta fita da matsattsen gajeren wando ba. Akwai dogon wando mai soso har idon sawu. Akwai kuma siririn wando na ciki da ake ɗora wa wando mai faɗi ko doguwar riga, irin wanda masu hawan keke a duwatsu ke sawa. Abin lura kawai shi ne a ɗaure bakin wandon sama kada sarƙa ta kama shi.

Batun kuɗi

Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a Paris a 2024, sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren da ake yi a fili mai rufi. Inda keke kansa ke wuyar samu, wando mai inganci da ake shigowa da shi da kuɗin waje ba shi da sauƙi, kuma wannan kan tura mutane kasuwar gwanjo. Sai dai soson tsohon wando ya riga ya lafe, kuma kaya ne da wani ya sa a jikinsa ba tare da kamfai ba.

Wadda za ta saya ta duba abu uku: faɗin soso ya rufe ƙasusuwan zamanta, kada ɗinki ya ratsa tsakiya, kuma bakin ƙafar kada ya shaƙe cinya. Ta cire shi da zarar ta sauka, ta wanke bayan kowane hawa, ta bari ya bushe sarai. Idan kumburi ko maruru ya ƙi tafiya bayan an huta, a je asibiti, a kuma sake duba tsayi da karkatar sirdin.