Borobudur da Bamiyan: Tsare Haikali Ba Bautar Gunki Ba Ne

A tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya akwai Borobudur, haikalin addinin Buda mafi girma a duniya. An gina shi wajen ƙarni na 9, a zamanin sarakunan Sailendra, kuma masu ginin sun jera mutum-mutumin Buda 504 a cikinsa. Duk shekara, idan wata ya cika a cikin Mayu ko farkon Yuni, mabiya addinin kan yi tattaki daga haikalin Mendut, su ratsa ta Pawon, su isa Borobudur domin bikin Waisak, inda suke tunawa da haihuwar Buda da samun wayewarsa da rasuwarsa. Ranar hutu ce a duk faɗin ƙasar, alhali mabiya Buda ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Mafi yawan 'yan sandan da ke gadin hanyar, da masu sayar da abinci a gefenta, Musulmi ne.

Akwai masu ganin wannan a matsayin raunin imani. A wurinsu abin koyi shi ne abin da Taliban suka yi a watan Maris na 2001, lokacin da suka sa nakiya suka rusa manyan mutum-mutumin Buda biyu na kwarin Bamiyan a Afganistan, ɗaya mai tsayin mita 55, ɗaya 38. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma tarihi bai goyi bayansa ba.

Musulmi sun zauna a Bamiyan fiye da shekara 1,000, suna salla, suna azumi, dutsen da aka sassaƙa bai karkatar da zuciyarsu ba. Babu ma mai bauta masa lokacin da aka rusa shi. Kafin a gama rushewar, tawagar malamai, har da Muftin Masar na lokacin da Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi, ta je Kandahar neman a dakata, aka toshe kunne. Me aka samu? Ramuka biyu a jikin dutse, da mutanen kwarin da talaucinsu bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Indunisiya ma an gwada ta. A 1985 wasu masu tsattsauran ra'ayi suka dasa bama-bamai a Borobudur, jim kaɗan bayan kammala babban gyaran da gwamnati ta yi tare da UNESCO. Aka gyara ɓarnar, bikin ya ci gaba, masallatan Jawa kuma suna cika kamar kullum.

Mu a Afirka ta Yamma mun san inda ɗaya hanyar take kaiwa. Tunanin da ya rusa Bamiyan shi ne ya ɗauki gatari a Timbuktu a 2012, ya farfasa ƙaburburan malaman Musulunci. Wanda ya saba rushe abin da maƙwabci ke girmamawa, wata rana kan kayan gidansu zai juyo.