Wanda Mota Ta Buge Yana Da Haƙƙi, Ko Da An Ce Ƙaddara Ce

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil zuwa Birnin Kudu, ya san cewa daga Kwanar Huguma zuwa Babaldu, da kuma reshen da ya nufi Gwaram, titi ya zame wa jama'a tamkar tsakar gida. A bakinsa ake cin kasuwa, ta kansa yara ke tsallakawa zuwa makarantar allo da ta boko, nan ne kuma manomi ke bi da fartanya a kafaɗa da sassafe. Ranar kasuwar Sara kuwa abin ba a cewa komai. A kan wannan titi ne kuma direban da ya ɗauko lodi yake sheƙa gudu kamar zai tashi sama. Idan tsautsayi ya gifta aka buge mai tafiya a ƙasa, abin da na lura da shi a ƙauyukanmu shi ne ɗayan biyu ke faruwa: ko matasa su fusata su far wa mota da duwatsu da wuta, ko kuma dattawa su taru a zaure, a kawo goro da ɗan kuɗin likkafani, a ce an yafe. A duka biyun, wanda aka karya wa ƙafa da marayun da aka bari su ne ke tashi a tutar babu.

Ni ban zo in yi jayayya da ƙaddara ba, domin babu Musulmin da zai yi hakan. Sai dai addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ƙayyade ta: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinari, wanda ya haura kilo huɗu, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ba rai kaɗai ba, gaɓoɓi ma kowace da nata lissafin. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Hasali ma littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan Birnin Kudu tun kaka da kakanni, ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. To idan mai jaki ba a ɗauke masa ba, wane dalili ne zai sa a ɗauke wa mai tirela?

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun yafiya. Haƙiƙa yafiya alheri ce, kuma shari'a ta buɗe ƙofarta. Amma diyya dukiyar gado ce, ana raba ta kamar yadda ake raba gona da shanu. Matar mamaci tana da rabonta, 'ya'yansa suna da nasu. Baligi mai hankali yana iya yafe nasa kason, amma ba shi da ikon yafe na marayan da bai balaga ba. Sau nawa kuwa ake ganin baffa ko wan mamaci ya miƙe a wurin zaman makoki ya ce "mun yafe duniya da lahira", alhali mai takaba tana cikin ɗaki ba wanda ya ji ta bakinta, ga yara biyar ko shida da ba su san abin da ake ciki ba? Bayan sadakar arba'in kowa ya watse, shi mai yafiyar ya tafi da yabon jama'a, ita kuma ta koma surfe da wankau. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, saboda haka wannan hukunci ba baƙo ba ne a kotunanmu, mu ne dai ba mu zuwa neman sa.

Wani zai ce, to ina direban haya zai samo kuɗin raƙumi ɗari? Tambayar tana kan hanya. A da, dangin wanda ya yi kisan kuskure ne ke haɗuwa su biya. A yau dokar ƙasa ta tanadi wani abu mai kama da haka, wato inshorar dole da ke kan kowace mota, wadda aka yi ta musamman domin mutumin da ba ya cikin yarjejeniyar mai mota da kamfani, irin mai tafiya a ƙasa. Wannan doka tun 1945 take, zamanin Turawa. Daga ranar 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora na ƙaramar motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni da rasa rai ma suna cikin abin da takardar ta lamunce. A ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta a faɗin ƙasa, sannan a cikin shekarar 2025 ɗin Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, wadda ta yi tanadin asusu domin waɗanda motar da ba ta da inshora, ko wadda direbanta ya tsere, ta buge.

Abin takaici, a wurin yawancin direbobinmu takardar inshora laya ce ta wuce shingen binciken ababen hawa. Da dama ma ta bogi suke saya a hannun 'yan-na-kama, ba su san ba ta da amfani ba sai ranar da aka je neman haƙƙi, alhali akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora da mutum zai iya duba lambar motarsa ta wayar hannu ya tabbatar.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. Idan 'yan sanda suka gurfanar da direba a kan tuƙin ganganci, wannan shari'a ce tsakaninsa da hukuma. Ko an ɗaure shi ko an ci shi tara, ba lallai ne kwabo ya shiga aljihun wanda ke kwance a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ba. Neman kuɗin magani, da asarar sana'a, da nakasar da za ta bi mutum har kabari, ƙara ce ta daban da shi ko magadansa za su shigar. Kuma ba direba kaɗai ake kamawa ba. Idan yana kan aikin maigidansa ne ya yi ɓarnar, mai motar ma yana ciki. Wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, bisa dokarta ta 2011, tana da hurumin tsaya wa talaka a ƙararrakin haɗari. Sai dai a yi hanzari, musamman idan motar gwamnati ce, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara.

A nan ne ƙona mota ke zama wauta tsantsa. Wanda ya cinna mata wuta ya ƙone lambarta da takardunta, ya kori direban da za a kama, ya kuma jawo wa 'yan garinsu kamu. Haka nan ɗauke majinyaci kai tsaye zuwa wurin mai ɗori, ba rahoton 'yan sanda ba takardar likita, yana rusa hujja. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, lambar jami'an kiyaye haɗurra kuwa 122 ce.

Ba kullum ne laifi ke kan direba shi kaɗai ba, wannan gaskiya ne. Wanda ya baza tabarmar kayan miya a kan kwalta, ko ya saki yaro ɗan shekara huɗu a bakin titi, yana da nasa kason, kuma kotu kan rage abin da za ta yanke gwargwadon sakacin wanda aka buge. Amma ragewa daban, hanawa daban.

Saboda haka nake roƙon hakimai da dagatai da limaman Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a gabansu ake yin irin wannan sulhu, da kada su amince a shafa fatiha sai an karanta takardar inshorar motar, an ji ta bakin matar mamaci, an kuma rubuta kason kowane maraya a gaban alƙali. Shugabannin ƙungiyar direbobi kuma, da suke karɓar kuɗin tasha kowace safiya, su riƙa duba sahihancin inshorar mota kafin a ba ta layin lodi.